Butar Tokoname da ganyen sencha na Shizuoka: wa ya kamata ya saya?

Kaya biyu na sayo tare daga wani kantin shayi na Japan da ke ciniki ta intanet. Na farko ƙaramar buta ce ta jan yumɓu mai mariƙi a gefe, wadda Japanawa ke kira kyusu, ginin garin Tokoname, na biyu kuma ƙunshin giram 100 ne na koren shayin sencha da aka noma a tudun Makinohara cikin lardin Shizuoka. A ganina duka biyun sun cancanci kuɗinsu, amma ga mutumin da ya yarda zai daina dafa ganye a kan wuta, ya kuma ajiye sukari gefe guda. Wanda bai shirya yin hakan ba gara ya riƙe kuɗinsa, domin wannan ganye ba ya jure abin da muka saba yi wa koren shayi.

Mafi yawanmu mun san koren shayi ne ta hanyar shayin Buzaye, wanda wasu ke kira ataya, irin wanda ake ɗorawa kan gawayi a Agadez da Damagaram da majalisun Kano, a bar shi ya yi ta tafasa har ya yi kauri, sannan a kashe ɗacinsa da sukari da na'a-na'a. Ganyen da ake yin sa da shi daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma da zafin kasko ake kashe ɗanyensa bayan an tsinko shi. Na Japan kuwa turara shi ake yi da tururi jim kaɗan bayan tsinka, sannan a murza, a busar. Wani manomi mai suna Nagatani Soen, mutumin Ujitawara kusa da Kyoto, shi ne ya daidaita wannan hanya a shekarar 1738, kuma ita ce tushen sencha har yau. Tururin yana tsayar da ganyen a kan korensa da ƙamshinsa na ɗanye, yana kuma sa ya riƙa sakin abin da ke cikinsa da wuri, shi ya sa abin da ataya ke ɗaukar dogon lokaci kafin ya bayar, sencha kan bayar da shi cikin minti guda.

Ganyen da na samu nau'in Yabukita ne, wanda Sugiyama Hikosaburo ya zaɓo a Shizuoka a 1908, aka yi masa rajista a 1953, kuma shi ne ya mamaye mafi yawan gonakin shayin Japan. An sarrafa shi ta hanyar da ake kira fukamushi, wato doguwar turarawa. Sencha na yau da kullum ana turara shi kimanin daƙiƙa 30 zuwa 40, shi kuwa wannan yakan ɗauki ninki biyu ko fiye. Dalilin hakan yana da nasaba da Makinohara kansa: tudu ne shimfiɗaɗɗe mai samun rana sosai, wanda tsofaffin mayaƙan samurai suka fara sharewa suna dasa shayi a 1869 bayan faɗuwar mulkin gidan Tokugawa, kuma ganyen da ke fitowa a irin wannan wuri yana da kauri da bauri, sai an daɗe ana turara shi kafin ya yi laushi. Saboda haka duk wanda ya buɗe ƙunshin zai tarar da gutsattsarin ganye haɗe da gari mai yawa, maimakon dogayen siraran ganyen da ake gani a hotunan shayin Uji, wani yankin noman shayi kusa da Kyoto. Kada mai saye ya ɗauka an cuce shi da ɓarɓashi. Haka fukamushi yake, kuma garin nan ne ke bai wa ruwan launinsa.

Yadda na fi samun daɗinsa shi ne giram 5 na ganye, kimanin cikin ƙaramin cokali biyu, a ruwa mililita 180 mai zafin digiri 70 zuwa 75 a ma'aunin Salshiyas. Ba sai an mallaki ma'aunin zafi ba. Ana tafasa ruwan sosai, a zuba shi a kofunan da za a sha, a ba shi ɗan lokaci ya huce, sannan a juye a kan ganyen da ke cikin buta. Kowace juyawa daga mazubi zuwa mazubi tana rage zafin da kusan digiri 5 zuwa 10, ga shi kuma kofunan sun yi ɗumi, an kuma auna ruwan daidai. Bayan daƙiƙa 40 sai a fara tsiyayewa. Idan kofuna biyu ne ko uku, ba a cika ɗaya kafin a koma kan ɗaya, ana zagayawa ne kaɗan-kaɗan a dawo, domin ruwan farko sassauƙa ne, na ƙarshe kuma mai ƙarfi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tsiyaye har ɗigon ƙarshe, saboda duk ruwan da aka bari a buta zai ci gaba da jiƙa ganyen, ya ɓata zubi na biyu.

Zubin farko yana fitowa kore shar, ba garau ba, da ɗan gari da ke kwantawa a gindin kofi. Ƙamshinsa na ɗanyen ganye ne mai taushi. Abin da zai ba sabon mai sha mamaki shi ne garɗinsa, wanda ya fi kusa da romo mara gishiri fiye da duk wani shayi da muka sani, ya cika baki, sannan wani zaƙi siriri ya biyo baya ya daɗe a maƙogwaro bayan an haɗiye. Wannan ne ɗanɗanon da Japanawa ke kira umami. Ɗaci yana nan, amma a baya yake, kuma ba na so a ce babu shi, domin shi ne ke hana garɗin gundurar mutum. Zubi na biyu, da ruwa mai ɗan ƙarin zafi wajen digiri 80, ba ya buƙatar jira fiye da daƙiƙa 10 tun da ganyen ya riga ya buɗe. Shi ne ya fi kowanne duhun kore, garɗin ya ragu, bauri mai wartsakarwa ya fito. Ni na fi son na biyun bayan abinci mai maiƙo. Na uku ya yi rauni, kuma a nan ne fukamushi ke biyan kuɗin saurinsa, domin ya riga ya zubar da yawancin abin da yake da shi. Wanda ke son ganyen da zai daɗe yana bayarwa, sencha mai gajeriyar turarawa zai fi dacewa da shi.

Batun zafin ruwa ba tsirfa ba ne. A cikin ganyen akwai sinadarin tiyanin, wanda wani masani ɗan Japan, Sakato Yajiro, ya gano a 1949, shi ke kawo garɗi da zaƙi, kuma yana narkewa ko da ruwan bai yi zafi ba. Akwai kuma katekin mai kawo bauri da kafeyin mai kawo ɗaci, waɗanda ke fitowa da yawa idan zafin ruwa ya haura digiri 80. Idan aka zuba tafasasshen ruwa a kan wannan ganye aka bar shi minti biyu, abin da zai fito ruwa ne mai kama harshe, wanda dole sai da sukari, kuma da zarar sukari ya shiga garɗin da aka sayi ganyen dominsa ya ɓace. Wannan ƙa'ida ce ta sa gyokuro, wani nau'in koren shayin Japan wanda ake lulluɓe bishiyoyinsa daga rana kimanin kwana 20 kafin tsinka, ake jiƙa shi a digiri 50 zuwa 60, yayin da hojicha, wanda gasasshen ganye ne, ke karɓar tafasasshen ruwa ba tare da matsala ba.

Ita kuwa butar, ita ce ta fi burge ni a cikin cinikin. Tokoname gari ne a lardin Aichi, a gaɓar teku kudu da Nagoya, kuma yana cikin tsofaffin cibiyoyin ginin tukwane shida na Japan, tare da Seto da Shigaraki da Bizen da Tamba da Echizen. Sana'ar ginin butar shayi ta kai matsayin da a 1998 gwamnatin Japan ta karrama wani maginin garin, Yamada Jozan na uku, a sahun gwanayen da ake ɗauka a matsayin taskar ƙasa tun suna raye. Tawa ba aikin wani fitaccen gwani ba ce, ta talakawa ce mai ɗaukar kusan mililita 250, amma ko a haka an yi mata aiki mai tsabta. Jikinta siriri ne, ba nauyi, ba a shafa mata ƙyalli ba ciki da waje. Marfinta yana zama daram ba ya motsi, har idan mutum ya toshe ƙaramin hujin iskar da ke kansa yana cikin tsiyaya, ruwan kan tsaya. Bakinta yana yanke ruwa ba ya ɗiga a kan tabarma. Mariƙin gefen, wanda da farko yake kama da ƙawa kawai, yana ba da damar riƙe buta da danne marfi da babban yatsa da hannu ɗaya, ana juya wuyan hannu kaɗan, kuma wannan ne ke sauƙaƙa zagaya kofuna da girgizo ɗigon ƙarshe. Cikinta mai faɗi yana barin ganye ya baje sosai, abin da ƙaramar rariyar da ake ratayawa a kofi ba ta bari.

Masu sayarwa suna yawan cewa ƙarfen da ke cikin jan yumɓun yana tausasa baurin shayi. Na gwada ganye ɗaya a cikinta da kuma a mazubin tangaran, bambancin da na ji kaɗan ne ƙwarai, kuma ba zan shawarci kowa ya saye ta saboda wannan dalili ba.

Babban aibin da na samu yana wajen mataci. Tawa tana da matacin yumɓu mai ƙananan huji da aka gina a jikinta, wanda ake kira sasame, kuma ko da yake yana da kyau ga ganye mai tsawo, garin fukamushi yana toshe shi, musamman a zubi na biyu, sai ruwan ya riƙa fita a hankali, ganyen ya jiƙu fiye da kima. Ana iya rage matsalar ta hanyar karkata butar sannu a hankali da bubbuga bayanta da tafin hannu bayan kowane zubi don ganyen ya koma baya, amma da kantin ya bayyana haka a shafinsa, da na zaɓi mai ragar ƙarfe da ke zagaye cikin buta gaba ɗaya, wadda ake kira obi-ami, tun da ita aka yi domin irin wannan ganye. Kanti ne ya haɗa su a matsayin kayan masu farawa, kuma wannan haɗi bai yi daidai ba. Sai kuma wasu sharuɗɗa da dole a kiyaye: ba a ɗora ta kan wuta ko gawayi ko kaɗan, domin za ta tsage, ba a wanke ta da sabulu, ruwan zafi kawai ake ɗauraye ta da shi a kife ta ta bushe, ba a kuma saka mata citta ko kanumfari, saboda yumɓun da ba a shafe ba yana riƙe ƙamshi. Bahago ya nemi wadda aka yi wa mariƙi ta ɗaya gefen, akwai su.

Abu biyu na yanayinmu suna iya ɓata ganyen kafin a kai ga buta. Na farko ruwa ne. Ruwan Japan galibi mai laushi ne, wato ba shi da ma'adinai da yawa a cikinsa, kuma da shi aka saba auna wannan shayi. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ke barin farin gari manne a gindin tukunya yana dushe launinsa ya danne ƙamshinsa, na famfo mai warin magani kuma sai an bar shi ya tafasa na 'yan mintuna ba marfi. Na biyu zafi ne. Turarren ganye ba ya son zafi da haske da laima da warin abin da ke kusa da shi, kuma idan aka buɗe ƙunshi a watan Afrilu aka bar shi a ɗakin girki, korensa zai koma ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci. Wanda ba a buɗe ba yana iya zama a firji, amma a fito da shi ya saki sanyi kafin a yanke bakinsa, don kada raɓa ta kama ganyen. Wanda aka buɗe a matse iskar, a rufe shi a gwangwani, a shanye cikin wata guda. A lokacin bazara kuwa na fi son jiƙa shi a ruwan sanyi, giram 10 a lita ɗaya, a bar shi a firji na wasu sa'o'i, ya fito da zaƙi kusan babu ɗaci.

Kantin ya naɗe butar da kyau, ta iso ba ko ƙwarzane, kuma an rubuta lardin da aka noma ganyen da ranar da ya kamata a shanye shi a bayan ƙunshin. Sai dai bayanin jiƙawa da Japananci kawai aka buga shi, kuɗin aikowa kuma ya zarce kuɗin ganyen kansa, wanda ke nufin ya fi dacewa mutum biyu ko uku su haɗa oda ɗaya. Lokacin da ya fi kyau a saya shi ne daga watan Mayu, bayan tsinkar farko da ake kira shincha, wadda a Shizuoka take zuwa wajen 2 ga Mayu, a Kagoshima da ke kudu kuma tun cikin Afrilu. Buta sau ɗaya ake sayenta, don haka a duba matacinta da kyau kafin a biya. Ganye kuwa a sayi ƙananan ƙunshi na giram 50 maimakon babba guda ɗaya.