Gradescope a hannun ɗalibin da ke koyarwa: inda take rage wahala da inda take gazawa

A manyan jami'o'i, musamman a kwasa-kwasan shekarar farko da ɗalibai ke kai ɗaruruwa, farfesa ne ke yin lacca, amma ɗaliban digiri na biyu da na uku su ke riƙe ƙananan azuzuwa, su kula da ɗakin gwaje-gwaje, su kuma yi wa takardu maki. Makin nan shi ya fi cin lokaci, kuma an fi ɗaukarsa a matsayin jidali, alhali a nan ne malami ke ganin ainihin abin da ɗalibi bai gane ba. Gradescope manhaja ce ta intanet da aka gina don wannan aiki: ana ɗora hoton takardun ɗalibai a cikinta, a yi musu maki a kan kwamfuta. An kafa ta a 2014 a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Arjun Singh da Sergey Karayev da Farfesa Pieter Abbeel. Kamfanin Turnitin ya saye ta a 2018. Da gani za ka san waɗanda suka tsara ta sun sha zama da tulin takardu.

Abu mafi muhimmanci a cikinta shi ne ma'aunin maki mai sauyawa. Maimakon ka rubuta "an cire maki biyu" a gefen kowace takarda, sai ka ƙirƙiri layi guda a ma'aunin, misali "ya manta alamar ragi wajen buɗe baka: a cire 2", ka danna lambarsa a kan madannai duk lokacin da ka ci karo da wannan kuskure. Idan ka kai takarda ta tamanin ka ga cewa maki biyu sun yi yawa, ka mayar da shi ɗaya, gyaran zai hau kan duk takardun da ka riga ka duba. A kan takarda da biro, wannan yana nufin sake buɗe tulin daga farko, kuma a gaskiya ba kowa ke komawa ba. Ɗaliban da aka fara da su ne ke kwana a ciki.

Manhajar kuma tana raba aiki tambaya tambaya. Wannan dabara ce da ƙwararrun masu maki suka daɗe suna yi tun kafin kwamfuta: mutum ɗaya ya riƙe tambaya ta uku a kan dukan ɗalibai, wani ya riƙe ta huɗu. Idan aka raba bisa takardu, ɗalibin da ya faɗa hannun mai sassauci ya ci riba a kan wanda ya faɗa hannun mai tsanani. Idan aka raba bisa tambaya, tsananin ko sassaucin ya shafi kowa daidai. Ana iya ɓoye sunayen ɗalibai yayin maki, kuma ya kamata a kunna wannan, domin mai koyar da ƙaramin aji ya san fuskoki, ya san mai surutu da mai zuwa a makare.

Sai dai ma'aunin ba ya gina kansa, kuma a nan sababbin masu koyarwa ke tuntuɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta ma'aunin daga amsar farfesa kaɗai. Amsar farfesa hanya ɗaya ce. Ɗalibai za su zo da hanyoyi biyar, biyu daga ciki daidai ne. Abin da ke aiki shi ne kafin a ba kowa maki, duk masu dubawa su karanta takardu goma zuwa goma sha biyar iri ɗaya, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, sannan a zauna a kwatanta. Inda aka saɓa, a nan ma'aunin ke da rami. A kuma tsai da shawara tun farko ko za a fara daga cikakken maki ana ragewa, ko daga sifili ana ƙarawa. Manhajar tana karɓar duka biyun. Ragewa ta fi dacewa da lissafi, inda kurakurai ke da suna. Ƙarawa ta fi dacewa da tambayar bayani, inda ake neman abubuwa uku ko huɗu su bayyana. Wata matsalar kuma, tunda duk mai dubawa na iya ƙara layi, idan mutane da yawa suna kan tambaya ɗaya ma'aunin kan kumbura ya kai layi ashirin, uku daga ciki suna faɗin abu guda da maki daban-daban. A naɗa mutum ɗaya mai ikon ƙara layi a kowace tambaya.

Kalmomin layin ma darasi ne, domin ɗalibi zai karanta su. "Kuskure: a cire 3" ba ta koya wa kowa komai. "Ya yi amfani da nauyin giram a inda ake buƙatar adadin mol" tana nuna wa ɗalibin kemistiri daidai inda ya karkace.

Bayan maki, shafin alƙaluma yana nuna kashi nawa na ɗalibai kowane layi ya hau kansu. Wannan shafi, a ganinmu, ya fi saurin makin daraja, kuma shi aka fi watsi da shi. Idan layi ɗaya ya kama kusan rabin aji, an sami darasin mako mai zuwa. Mai koyarwa ya rubuta amsar da ke ɗauke da kuskuren a allo ba tare da suna ba, ya ba ɗalibai minti biyu kowa ya nemo inda ta lalace, sannan su tattauna biyu biyu kafin a buɗe wa aji. Wannan ya fi sake maimaita lacca amfani, tunda laccar ce ba ta shiga ba tun farko.

Amfaninta ya bambanta daga fanni zuwa fanni. A lissafi, kimiyyar fiziks, kemistiri da injiniyanci, inda amsa ke zama a wuri ƙayyadadde a takarda, tana aiki ƙwarai. Har tana iya tara amsoshi masu kama da juna rukuni rukuni, ka yi wa rukuni maki sau ɗaya, amma sai ka leƙa cikin kowane rukuni, domin mummunan rubutun hannu kan jefa 7 cikin rukunin 1. A kimiyyar kwamfuta akwai sashen da ke gwada shirin kwamfutar da ɗalibi ya rubuta da kansa: malami ya ɗora fayil mai ɗauke da gwaje-gwajen, manhajar ta fitar da sakamako. Ana iya ɓoye wasu gwaje-gwajen sai bayan wa'adi, kuma dole a yi haka, in ba haka ba ɗalibai za su yi ta ɗorawa suna lalube har ya wuce ba tare da sun fahimci dalili ba. A tarihi, adabi da falsafa kuwa, ƙarfinta ya ragu sosai. Maƙala mai shafi goma tana buƙatar doguwar magana a gefen sakin layi kan yadda hujja ta tashi ko ta faɗi, kuma jerin layuka na dannawa yana jan mai dubawa zuwa ƙirga abubuwa maimakon auna tunani. Ga gajerun amsoshi a waɗannan fannoni ba laifi.

Yawancin ɓacin rai yana zuwa ne tun wajen shigar da takardu. Idan jarrabawar aji ce, kowace takarda sai ta yi daidai da samfurin takardar tambayoyi da malami ya ɗora, shafi da shafi. Sikana ta haɗiye shafi ɗaya, ko ɗalibi ya ƙara takarda a tsakiya, sai rabon shafuka tsakanin ɗalibai ya goce, a koma gyara da hannu. A buga lambar shafi, a bar fili isasshe ga kowace amsa, a yi sikanin gaba da baya, a kuma hana fensirin da rubutunsa ba ya fitowa sosai. Idan aikin gida ne da ɗalibai ke ɗorawa da kansu, su ne za su nuna shafin da kowace amsa take, kuma da yawa ba sa yi. A ba su aikin gwaji marar maki a makon farko don su koyi wannan.

Akwai kuma maɓallin neman a sake duba maki. Yana da kyau domin koken yana zuwa a rubuce ga wanda ya yi makin, amma sauƙinsa kan jawo ambaliya. A buɗe shi kwana ɗaya bayan fitar da sakamako, bayan an wallafa amsoshi, a rufe bayan mako guda, a kuma sharɗanta cewa mai koke ya ambaci layin ma'aunin da yake ganin an ɗora masa bisa kuskure.

Ga kwas mai ɗalibai da yawa da masu dubawa fiye da biyu, muna ba da shawarar amfani da ita ba tare da jinkiri ba. Ga aji mai mutum goma sha biyar da ake rubuta maƙala, lokacin shirya ta ya fi abin da za ta rage. Wasu ayyukan, kamar tara amsoshi da kanta da haɗa ta da manhajojin gudanar da kwas irin su Canvas ko Moodle, sun dogara da irin lasisin da jami'a ke da shi, don haka a bincika wannan kafin a tsara jarrabawa a kansu.