Kundin darussan Amurka ko tsarin darasin hannunki?

Malama, riƙe kuɗinki. Tsakanin kundin darussan Kirista na Amurka da aka yi miki tallarsa da zama ki tsara darasi da hannunki, ɗauki na hannu. Ni duka biyun na taɓa.

Kundin dai takardarsa na sheƙi, akwai aya a kowane shafi. Yabon ya ƙare nan. Kusan albashin wata guda na zuba, da na buɗe lissafin sai inci da fam da dala, kimiyyar kuma duk dusar ƙanƙara. Yaron da ke jiƙe da zufa a watan Afrilu, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, ina ruwansa da share ƙanƙara a ƙofar gida? Ga shi kundin bai bi manhajar NERDC ba, wato hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya, alhali ita sufeto zai duba. Kundin na can saman kabad yana shan ƙurar hunturu.

Abin da ya riƙe ni shi ne wani littafin rubutu mai bangon kwali, duk gefensa ya lanƙwashe. A ƙarƙashin manufar kowane darasi nakan rubuta tambaya ɗaya: me wannan ke nuna mana game da Allah, ko mutum, ko abin da aka ba mu amana? Daga nan nake neman nassi, ba in gama darasi in liƙa aya a wutsiya ba.

Ranar da zan koyar da kashi-kashi a aji 5, na ɗauko Farawa sura 41 a Littafi Mai Tsarki, inda Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi. Na zo da tiyar gero da faranti biyar, yara suka raba da hannunsu, har da gardama a kan farantin da ya fi tudu. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu: "Malam, to wa zai riƙe makullin rumbun?" Nan muka shiga zancen amana, kuma har yau ba wanda ya manta ɗaya bisa biyar a ajin nan. Yaranmu Musulmi ma sun san labarin Annabi Yusuf tun daga gida, su suka fi kowa ba da amsa, babu kuma uban da ya zo ofishin hedimasta da ƙorafi. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Awo kuwa, Karin Magana 11:1 na nan a kan ma'aunin algus, sai ki kawo mudun da aka bubbuga wa gindi su gani. Zagayen ruwa, Mai Hadishi 1:7, ki haɗa da Rima da ke gangarawa Kwara har teku. Amma ba kowane darasi ke son aya ba. Jadawalin sau, ki koyar da shi da kyau kawai.

Abin saye uku ne: manhajar ajinki, littafin rubutu mai kauri, da Littafi Mai Tsarki na Hausa fassarar 1979. In tsohuwar ta 1932 ce a gidanku, Misalai da Mai-Wa'azi za ki nema a maimakon Karin Magana da Mai Hadishi, kada ki ruɗe.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu talla a WhatsApp da ke cewa ma'aikatar ilimi ta amince da kayansu, a tura kuɗi tukuna. Wata abokiyar aikina ta tura, aka kawo mata fotokwafi dishi-dishi, zango na uku babu shi gaba ɗaya, lambar mutumin kuma ta daina shiga. Ko Littafi Mai Tsarki za ki saya, ki buɗe Zabura ki bi lambobin shafi a gaban mai shagon kafin ki miƙa kuɗi.