Madubin likita na ɗalibai da na saya a Bauchi: na'urar ta yi, akwatin gilasanta ne sai a hankali

Duk malamin bayoloji da ya gaji da zana cikin karan masara a allo yara suna haddacewa, wannan madubin ya cancanci kuɗinsa. Na sayi nawa a wani shagon kayan ɗakin gwaji da ke kusa da kasuwar Wunti, kuma tun zangon karatun da ya wuce yake aiki a hannun 'yan aji biyu da uku na babbar sakandaren 'yan mata da nake koyarwa. Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai albashin malanta, farashin kuma dala yake bi, don haka kowa ya tambaya da kansa.

Idon leƙawarsa ɗaya ne, yana ninka abu sau 10. A ƙasa akwai idanu uku masu juyawa, na 4 da na 10 da na 40, wato za ka ga abu a ninki 40, ko 100, ko 400. A jikin kwalin an rubuta ninkin da ya haura dubu, saboda wani ƙarin ido da aka saka a ciki. Kar wannan ya ja hankalinku. Abin yana ƙara girma, amma dishi-dishi yake fitowa, ba wani sabon abu da ke bayyana. Aikin tsiro ma yawancinsa a ninki 100 yake ƙarewa. Alhajin mai shagon ya so ya ba ni mai ƙwan lantarki, na ce masa, "Alhaji, ajinmu ko wayar wuta babu." Na ɗauki mai ɗan madubi a ƙasa da ke tattaro haske daga taga, kuma ban yi da-na-sani ba. Sai dai a ja kunnen yara kada su saita shi da ƙwayar rana, yana iya lahanta ido.

Akwatin gilasan da aka riga aka shirya, masu ɗauke da siraran yankan tsirrai don kallo a madubin, shi ne ya ba ni haushi. Rinin da aka yi musu ya yi kyau, jijiyoyin ruwa sun fito jajaye, sauran naman tsiron kore-kore. Amma wasu kumfar iska ta cinye rabinsu, ɗaya kuma an rubuta masa saiwa alhali kara ne. Ɗalibar da ba ta da mai duba mata haka za ta zana shi, ta je jarrabawar WAEC ko NECO da kuskuren a kanta. Ban da wannan, in ka cire masara da albasa, sauran tsirran na ƙasashen sanyi ne, 'yan matan ba su taɓa ganinsu ba balle su damu da abin da ke cikinsu.

Shi ya sa muka koma yanka namu. Sabuwar reza, ɗan ruwa a faranti, sai a tsaga karas a soka ɗanyen karan wake a ciki don ya tsaya, a riƙa feɗe shi siriri-siriri har a sami yankin da haske ke ratsawa. A nan madubin ya biya ni. A karan wake, jijiyoyin sun jeru a kewaye kamar awarwaro. Kowane ƙulli yana da zailam ta ciki, mai hawa da ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa, da fuloyam ta waje, mai rarraba sukarin da ganye ya haɗa zuwa sauran jiki. Tsakaninsu akwai wani siririn layi, kambiyam, wanda ƙwayoyinsa ke rabuwa suna ƙara itace ta ciki, suna ƙara ɓawo ta waje. Da muka yanka dawa sai ga ƙullayen a warwatse ko'ina, babu kambiyam ko kaɗan. Wata ɗaliba ta ɗago kai ta ce, "Malama, ashe su ne zaren nan da ke cikin totuwa?" Su ne kuwa. Tun tana ƙarama take ɓare kara tana wasa da su.

Daga wannan layi ɗaya tambayoyi suka yi ta fitowa, kuma su ne dalilin da ya sa nake ganin kowace makaranta ta mallaki ko da guda ɗaya ne. Me ya sa ake yi wa mangwaro da lemo aure su kama, amma ba a yi wa dabino ko rake? Domin mai auren itace kambiyam ɗin reshe yake haɗawa da na uwar, su kuwa dabino da rake ba su da shi. Me ya sa maɗacin da masu sassaƙe suka kewaye da gatari yake mutuwa a tsaye, ko da ganyensa ya daɗe da ɗanye? Domin sun yanke fuloyam, ruwa yana ci gaba da hawa ta cikin itacen, amma abinci ya daina sauka, saiwa ta mutu da yunwa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don ina ganin itatuwan da aka yi wa haka a hanyar ƙauyenmu, kuma na tabbata da yawan masu yi ba su san sassaƙa gefe ɗaya da kewayewa ba ɗaya ba ne. Igiyar rama ma daga zaruruwan da ke tare da fuloyam take fitowa, shi ya sa ɓawon ake jiƙawa a sule.

Fatar albasa da ɗigon aidin tana fitowa tas, har cibiyar kowace ƙwayar halitta ana gani. Ƙofofin numfashin ganye kuwa, man farce marar launi muka shafa a bayan ganyen wake, ya bushe, muka ɗauke shi da salatif muka ɗora a gilashi. A ninki 400 ƙwayoyi biyun da ke tsaron kowace ƙofa sun fito sarai. Na gaya wa 'yan matan cewa Robert Hooke na Ingila, wanda ya bayyana ɗakunan da ya gani a ɓawon itace a 1665, madubinsa bai kai wannan ƙarfi ba.

Akwai sauran ƙorafi. Babban makunnin saitawa yana sakin jiki, kana cikin kallo sai abin ya zame, dole a riƙa ɗaure shi. Rigar ledar da ya zo da ita ba ta tare ƙurar hunturun Bauchi, sai da na sa tela ya ɗinka masa ta yadi mai kauri. Ba a haɗo shi da takardar goge ido ba, kuma gefen mayafi yana karce gilashin. Da damina a ajiye shi inda babu laima, in ba haka ba fumfuna ta shiga idanun.

Game da shagon, na sami tsaga a idon leƙawar bayan na isa gida, na mayar washegari, Alhaji ya canza mini ba gardama, Allah ya saka masa. Gilasan ne ya ce a rufe suke zuwa masa, ba ya karɓarsu. Saboda haka wanda zai saya ya sa a buɗe kwalin a gabansa, ya ɗora gilashin masara ya gwada idanun ukun ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya. Kuɗin akwatin gilasan kuma gara a sayi gilasai marasa komai da 'yan murafensu, fakiti biyu, don murafen nan ba sa kwana a hannun yara.