Wata bakwai ina amfani da AnkiDroid don haddar kalmomin Turanci, ga abin da na gani

Wasu sun dame ni a inbos kan wace manhaja nake amfani da ita tunda na ce Turancina ya ɗan motsa, to bari kawai in rubuta a nan kowa ya karanta in huta. Sunanta AnkiDroid, kuma tun kafin mu yi nisa, ba makaranta ba ce, ba ta koya maka komai, aikinta ɗaya ne tak: hana ka manta abin da ka riga ka koya. In ka gane wannan za ku shirya da ita, in kuma ka shiga da tunanin malamin Turanci ka samu a waya to kwana uku za ka goge ta.

Ni irin mutanen nan ne ƴan tsaka-tsaki. Na gama sakandare, na ci Turanci a WAEC da ƙyar, ina jin fim ina karanta saƙo, amma in kastoma ko masu turo mana kaya daga Legas suka kira waya sai kalmar ta maƙale, na san ta wallahi na taɓa ganinta amma ta ƙi fitowa, sai bayan an kashe waya ta faɗo min. A shagon kayan waya nake aiki a Farm Centre nan Kano, kullum cikin ciniki da waɗanda ba sa jin Hausa, don haka abun yana ci min rai. Na cika littafi guda da kalmomi da fassararsu, ban taɓa komawa shafin farko ba.

Yadda take aiki: kati kake haɗawa, gaba da baya. A gaba ka rubuta tambaya, a baya amsa. Ta nuna maka gaban, ka yi ƙoƙarin tunowa, sai ka danna ka ga amsar, sannan kai da kanka ka faɗi gaskiya ta maɓalli huɗu, Again in ka manta, Hard in da ƙyar, Good in ka tuna, Easy in ko tunani ba ka yi ba. Wanda ka manta zai dawo maka cikin mintuna, wanda ka tuna sai gobe, sai bayan kwana uku ko huɗu, sai sati da wani abu, a haka tazarar ke ta buɗewa har kati ya yi watanni bai leƙo ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ko islamiyya ya san wannan, tishi ne da muraja'a, bambancin kawai waya ce ke riƙe lissafin wace kalma ce ta kusa zamewa, ba sai ka maimaita duka kullum ba. Wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus tun 1885 ya rubuta yadda mutum ke saurin mance sabon abu a kwanakin farko, kuma maimaitawa da tazara ke rage hakan, a kan wannan tunanin aka gina ta. Damien Elmes ne ya fito da Anki, wato asalin manhajar da AnkiDroid ke zaman ta Android ɗinta, a 2006, sunan ma da Japananci hadda yake nufi, kuma ɗaliban likitanci sun rungume ta sosai.

Kuɗi fa? A Android kyauta ce, ba talla ko ɗaya, ba wani biya duk wata, kuma ba ta buƙatar data in ka riga ka sauke, wannan ne ya fara saye ni don a adaidaita nake yin rabin karatuna. Ta kwamfuta ma kyauta ce. Masu iPhone ne za su biya wajen dala 25 sau ɗaya, sunanta AnkiMobile a can. Ku lura da kyau wajen saukewa, akwai wasu manhajoji masu kama da sunan da ba su ba ne, ta Android AnkiDroid ake rubutawa.

Kuskuren da na fara yi, kuma laifina ne, na je na sauke katunan da wasu suka haɗa, dubbai, na jerin Oxford 3000, wato kalmomi dubu uku da aka ware a matsayin waɗanda mai koyo ya fi buƙata daga matakin farko, A1, zuwa matakin ƴan tsaka-tsaki na sama, B2. Jerin yana da kyau, amma rabi na riga na sani, sauran kuma ina haddace ma'anarsu kamar aku ban san inda zan sa su a magana ba. Bayan sati biyu na share su na fara haɗa nawa, a nan ne abun ya fara aiki.

Domin matsalar ɗan tsaka-tsaki ba manyan kalmomi ba ne, ƙananan nan ne na kullum da Hausa ta raba su daban Turanci ya raba su daban. Ɗauki aro. Mu abin da muke dubawa shi ne, abun da kansa za a dawo da shi ko madadinsa, shi ya sa muke da aro muke da rance. Bature ba ruwansa da wannan, shi wa ya bayar wa ya karɓa yake kallo, mai karɓa borrow mai bayarwa lend. Shekara nawa ina cewa borrow me your charger ba wanda ya gyara min don kowa a kasuwa haka yake faɗa. Ko ji: mu muna jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji daɗin miya, mu ji Larabci, duk ji ne, su kuwa hear, smell, feel, taste, understand, kowanne da gurbinsa. Sha ma haka, ruwa ne kawai drink, magani take, taba smoke. Baƙon da ka gayyata guest ne, wanda ba ka taɓa gani ba stranger, ka ce ka yi stranger a gida sai a ɗauka ɓarawo ne ya shigo. Irin waɗannan ba katin wani ɗan Japan ko ɗan Brazil da zai kamo maka su, sai kai da ka san inda Hausarka ke ja maka ƙafa.

Don haka yanzu ba na sa kalma tsirara. A gaba nakan rubuta jimlar Hausa irin wadda nake faɗa a shago, misali caja ta ƙare mana sai jibi, a baya kuma we have run out of chargers. Da haka na kama su run out of, put off, put up with, waɗannan ƴan biyu-biyu da uku-ukun da in ka fassara ɗaya bayan ɗaya ba za ka taɓa cin ma'anar ba. Ana iya sa hoto da murya a kati, ni na yi amfani da muryar wajen p da f, kun dai san halinmu, pull da full, pan da fan, sai da na yi ta naɗar muryata ina saurare ina jin kunyar kaina. Kalmomin kuma ina tsinto su daga 6 Minute English na BBC da saƙonnin kastomomi, biyar a rana sun ishe ni.

Maganar biyar ɗin nan da dalili. Tana zuwa ne a saite kan sabbin kati 20 kullum, kuma kowane sabon kati bashi ne da zai dawo. Na bar shi a 20 ina ta murna, da sallah ta zo na yi sati guda ban buɗe ba, ina dawowa na tarar da kati sama da 400 suna jirana, kaɗan ya rage in haƙura gaba ɗaya. Na tsayar da sabbi na yi kwana shida ina biyan bashi. Ka rage tun ranar farko, minti goma sha biyar bayan asuba ta fi awa biyu ranar Lahadi.

Wanda yake son wasa da maki da ƴan tsuntsaye masu tafi ba zai ji daɗinta ba, fuskarta a bushe take kamar fom ɗin banki, saitinta da Turanci na yi shi kuma sai da na kalli bidiyo biyu a YouTube kafin na gane kansa. Sannan ba ta buɗe baki, in ba ka fita ka yi magana da mutane ba kalmomin suna nan a kai kamar kaya a sito. Wanda bai iya karatun boko sosai ba ko yake matakin farko ban ba shi shawara ba tukuna, ya nemi aji. Amma in kana jin Turanci kalmomi ne ke guje maka, ni na ba ta huɗu cikin biyar.

Wani abu da ya ba ni dariya, in ka manta kati ɗaya sau takwas sai ta maƙala masa suna leech, wato matsattsaku, wai yana shan jinin lokacinka. Nawa matsattsakun guda uku ne yanzu, reluctant da afford da kuma receipt, shi wannan na ƙarshen ma'anar ba ta dame ni ba tunda rasit ne muke rubutawa kullum, p ɗin nan da ba a furtawa ne har yau nake manta inda yake zama.