Imel ko WhatsApp wajen tura takardu

Mu nan Garwa kowa WhatsApp ya sani, ka ce wa mutum ya turo maka takarda sai ya ɗauki hotonta ya watso maka kawai. Sauri kam akwai, kuma yana ɗaukar fayil har 2 GB. Amma hoto in ka tura shi kai tsaye matse shi yake yi, ranar da ƙanina ya je siba, wato shagon intanet, a buga masa takardar haihuwa don dosiyen konkur, wato takardun da ake haɗawa don jarrabawar neman shiga makaranta ko aiki, hatimin ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa mai, sai da ya hau mashin ya koma gida ya ɗauko ta asali.

Shi ya sa ni takardun ofis PDF nake yi in liƙa a imel. Yadda ka liƙa haka zai isa, ko bayan shekara uku ka nemo sunan sai ga shi, ko da wayar ta faɗa kogin Binuwai. Matsalarsa dai Gmail mega 25 ne iyaka, in ya wuce sai ya koma Google Drive, ga mutanenmu da mantuwar kalmar sirri wallahi.