Ɗaki mai sanyi ko inuwar baranda: ina fulawarki za ta fi jure bazarar Gusau?

Hajiya, barka da warhaka. Kin ce kin sayi 'yar fulawa mai kaurin ganye, wadda ganyenta ke jere a zagaye kamar fure, tana cikin baƙar roba, kuma tun shigowar Afrilu ganyen ƙasa suka yi laushi, bakinsu ya ƙone. Tambayarki ita ce ki shigar da ita ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki ko ki bar ta a tsakar gida. Duka biyun na gwada, har na yi asarar guda biyu kafin in gane bakin zaren.

Yadda kika siffanta ta, Echeveria ce. Asalinta tuddan ƙasar Meziko ne, inda rana ke da ɗumi amma dare ke da sanyi. Ta fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin salshiyas, mu kuwa a nan daga Maris zuwa Mayu zafin la'asar yana haura 40. Kada ki haɗa ta da namu na gida irin su moda, aguwa ko kariya, waɗanda suka saba da wannan rana. Akwai kuma wani abu da masu sayar da fulawa ba su cika faɗa ba. Irin waɗannan tsirrai suna rufe ƙofofin ganyensu da rana don kada ruwan jikinsu ya tsere, sai dare ya yi su buɗe su shaƙi iska. Idan daren ma zafi ne, sai tsiron ya dakata da girma, ya rage shan ruwa. Mai ita ta ga ta yi yaushi ta ƙara mata ruwa, saiwa ta ruɓe.

Ɗaki yana da amfani guda: rana ba za ta ƙona ganyen ba. Amma hasken ɗakunanmu bai ishe ta ba. Cikin 'yan makonni za ki ga ta miƙe tana neman taga, ganyen sun rarrabu, launin ya koɗe, kuma abin da ya miƙe ba ya komawa yadda yake. Sannan ga batun wuta. Na'ura ta sanyaya ɗaki, a ɗauke wuta, rufin kwano ya dawo da zafin da ya tara, ɗakin ya koma kamar tanda babu iskar da ke ratsawa. Ƙasar tukunya ba ta bushewa da wuri a ɗaki rufe, shi ya sa ruɓewa ta fi yawa a can. In kuma aka ajiye ta daidai bakin na'urar, busasshiyar iskar na tsotse ganyen. Ta farko da na rasa a nan ta tafi, ina ganin gata nake yi mata.

Tsakar gida kuwa iri biyu ce, kuma a nan mutane ke kuskure. Akwai filin siminti da rana ke duka tun hantsi, akwai barandar da ke kallon gabas ko gindin dogon yaro. Taka simintin nan da ƙafa ba takalmi bayan azahar, abin da kika ji shi saiwar ke ji. Baƙar roba tana ƙara jawo zafin, in aka zuba ruwa a wannan lokacin kamar an ɗora ta a murhu ne. Jikin katangar da ke kallon yamma ma haka, tana sakin zafi har bayan isha'i. A barandar gabas kuwa tana samun ranar safe mai laushi zuwa wajen ƙarfe goma, ta wuni a inuwa mai haske, dare ya yi iska ta ratsa ta, asuba ta kawo mata ɗan sanyin da ɗaki mai rufin kwano ba ya samu.

Ni dai barandar na zaɓa, da sharaɗin ki raba ta da robar nan. Ki nemi tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba, a huda mata gindi. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi shi ne zai taimake ki: laka tana tsattsafo da danshi, iska ta busar, cikin ya huce. Ki cakuɗa ƙasar da yashin rafi mai tsakuwa kamar rabi da rabi, ki ɗora tukunyar a kan katako ko kujera 'yar tsugunno don ta rabu da siminti. Ruwa sai da yamma lis, kuma sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe har ciki. Bayan dashe ki bari ta yi kwana huɗu ko biyar kafin ki ba ta ruwa, saiwar da ta karye ta warke.

Ɗaki sai in gidan babu inuwa ko kaɗan, to a bakin taga mafi haske, nesa da na'ura.

Hunturu kada ya dame ki, sanyin Disamba da Janairu na nan bai kai ya cutar da ita ba, lokacin ma ta fi kyau. Ƙurar kawai za ki riƙa kakkaɓewa. Damina ce ke son kulawa: daga Yuni ki ja ta can ƙarƙashin rufi inda feshin ruwa ba ya kaiwa, don ruwan Agusta mai sauka a jere yana iya ruɓar da ita. Ganyen da suka riga suka ƙone ba za su dawo ba, ki bar su su bushe su faɗi da kansu, ki zuba ido a tsakiyar. Muddin ƙananan ganyen can suna da tauri, tana da rai.