Wace Fankar Banɗaki Za Ka Saya?

Kafin ka shiga kasuwa neman fanka mai zuƙe iska, tsaya a banɗakin ka duba ta inda iskar za ta fita. Wannan ne ke raba gardama, ba kyan kwali ba.

Idan bangon banɗakin yana kallon waje, fankar bango ta wadatar, kuma ita ce mafi araha. Mai inci 4 ta ishi ƙaramin banɗaki na cikin ɗaki, mai inci 6 kuwa ta babba ce. Ƙarfinta a gajeren zango yake: rami a bango, iska ta fice. Da zarar an haɗa ta da dogon bututu mai lanƙwasa, sai ta yi ta juyi a banza. Banɗakin da ke tsakiyar gida, wanda ba taga ba bangon waje, fankar zuƙe iska da ake kafawa a silin ko wadda ake ɗaurawa a tsakiyar bututu ce ta dace da shi. Ta fi tsada, amma tana iya tura iska nesa. Kada ka yarda a saki tururin cikin silin kawai. Katakon rufi da POP ne za su sha shi, fumfuna ta biyo baya.

A kwalin, nemi abu biyu. A Ingila mafi ƙarancin abin da ake so fankar banɗaki ta zuƙe shi ne lita 15 a daƙiƙa, ma'auni ne mai kyau a ko'ina. Sai alamar IPX4, wato fantsamar ruwa ba ta shiga cikinta. Ni dai ba zan sayi wadda ba ta da marfin da ke rufe kansa ba, domin ramin da aka bari a buɗe ƙofa ce ga sauro da tsaka da ƙurar hunturu.

Wayarin ma yana cikin zaɓi. Fanka ta gama-gari waya biyu take so, mai wuta da nutural, kuma ana iya haɗa ta da makunnin ƙwan fitila. Mai taima, wadda ke ci gaba da aiki wasu mintuna bayan an kashe fitila, tana buƙatar waya ta uku mai wuta kullum. In an riga an yi tayil ba a ja wannan wayar ba, ka san akwai fasa bango a gabanka. In kuma aka musanya wayoyin biyu masu wuta, taimar ba za ta yi aiki daidai ba. Mai auna danshi, wadda ke kunna kanta idan danshi ya yi yawa, ba ta cika dacewa da Arewa ba: da rani iska a bushe take, sai ta yi shiru alhali wari na nan, a watan Agusta kuma ta ƙi tsayawa.

Idan fanka na gurnani ba ta juyi, galibi ƙura ce ta cushe ta. Kafin ka taɓa ta don sharewa, kashe wutar daga babban akwatin wutar gida, ba daga makunni kaɗai ba, domin mai taima tana riƙe da wuta ko fitila na kashe. Idan tana juyi amma tururi bai raguwa, duba ƙasan ƙofa: sai iska ta samu hanyar shiga kafin wata ta fita. Haɗin waya kusa da shawa kuwa, a bar wa ƙwararren mai gyaran wuta.